Auna Yara A Lissafi Da Na'ura: Wa Sikelin Zai Yi Wa Aiki A Gagarawa?

Tun daga lokacin da Ministan Ilmi na Tarayya, Dokta Tunji Alausa, ya ba da sanarwa a cikin 2025 cewa Gwamnati na nufin mai da jarrabawar WAEC da ta NECO bisa kwamfuta baki ɗaya daga 2026, maganar na'ura ta shiga bakin kowane shugaban makaranta a ƙasar nan. A watan Nuwamba na wannan shekara ta 2025 Majalisar Wakilai ta nemi a jinkirta shirin har zuwa 2030, bisa hujjar cewa yawancin makarantun karkara ba su da wutar lantarki, balle a yi zancen ɗakin kwamfuta. To, amma duk wannan ce-ce-ku-ce a kan 'yan ajin ƙarshe na babbar sakandare ake yin ta. Ba a cika waiwayar ƙananansu ba, watau 'yan aji ɗaya zuwa uku na ƙaramar sakandare, alhali kuwa a waɗannan shekaru uku ne lissafi yake kama yaro ko kuwa ya kuɓuce masa har abada.

Yana da kyau a ɗauki wuri guda a duba al'amarin, domin maganar da aka yi wa ƙasa baki ɗaya ba ta cika taɓa kowa ba. Gagarawa Tasha, a ƙasar Gumel ta Jihar Jigawa, ta sami sunanta ne daga hanyar jirgin ƙasa da ta tashi daga Kano ta isa Nguru a 1930. A zamanin cinikin gyaɗa, tashoshin wannan layi su ne matattarar manoma da kaka, kuma abin da ya fi kome muhimmanci a kowace tasha shi ne sikeli. Manomi ya noma, ya ɓare, ya ɗoro wa jaki, amma malamin sikeli ne kaɗai yake karanta abin da ƙarfen ya nuna, ya rubuta a littafin da manomin ba zai taɓa gani ba. Ko da sikelin daidai yake, ba don manomi aka kafa shi ba. Ga alama irin wannan tambaya ce ke jiran makarantun Gagarawa da Gumel da Maigatari da Sule Tankarkar: idan aka kawo na'urar auna yara a lissafi, wa za ta yi wa aiki, malamin aji da ɗalibinsa, ko kuwa ofisoshin Dutse da Abuja?

Tambayar ba ta nan gaba ba ce can da nisa. Jigawa ta daɗe da sha'awar harkar kwamfuta, tun zamanin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki, 1999 zuwa 2007, lokacin da aka kafa kamfanin Galaxy da makarantar koyon kwamfuta ta Kazaure. Gwamnatin Malam Umar Namadi kuwa, wadda ta hau mulki a 2023, ta ƙulla yarjejeniya da kamfanin NewGlobe a ƙarƙashin shirin JigawaUNITE, irin wanda kamfanin ya gudanar a jihohin Edo da Ikko da Kwara da Bayelsa. A tsarin wannan kamfani akan ba malami kwamfutar hannu mai ɗauke da darasi, wadda kuma take rubuta zuwansa aiki da zuwan yara da makin da suka ci. Da makarantun firamare aka fara. Amma yaran firamare na yau su ne 'yan ƙaramar sakandare na gobe, kuma ba a jin hukuma za ta saba da ganin alƙaluma a bisa tebur, sa'an nan ta yarda su yanke mata a aji shida.

Kafin a yi murna ko a yi fargaba, ya kamata a tuna cewa wannan ba shi ne karo na farko da aka yi wa ƙaramar sakandare alkawarin sabon ma'auni ba. Manufar Ilmi ta Ƙasa ta 1977, wadda ta haifi tsarin 6-3-3-4 da aka soma aiki da shi a 1982, ta zo da ƙa'idar auna ɗalibi a kai a kai, abin da malamai ke kira "si-e". Nufin shi ne kada a bar makomar yaro ta rataya a kan jarrabawar rana ɗaya, a riƙa gwada shi cikin zango, a gane inda ya yi rauni tun da wuri, a gyara. Manufa ce mai kyau ƙwarai. Abin da ya faru da ita kuwa sananne ne ga duk wanda ya taɓa riƙe alli. A ɗauka malamin lissafi guda yana da azuzuwa uku, kowanne da yara saba'in. Gwaji ɗaya kawai ya zama takardu 210, idan kuwa ya ba kowace takarda minti uku, ya ci awa goma da rabi yana maki, ban da shirya darasi, ban da gonarsa da iyalinsa. Saboda haka a makarantu da yawa "si-e" ya koma ginshiƙan da ake cikewa a rajista ana gab da hutu, a ba wannan goma sha biyu, a ba wancan goma sha biyar, gwargwadon yadda malam ya san fuskar yaro. Haka kuma a waɗannan shekaru ne aka shigo da injunan koyar da fasaha daga ƙasashen Gabashin Turai, irin su Bulgeriya da Hangari, aka rarraba wa makarantu, da yawansu suka ruɓe cikin akwatunansu saboda babu wuta, babu ɗakin da za a kafa su, babu wanda aka koya wa sarrafa su.

ABIN DA NA'URA KE IYAWA

A nan ne fa na'ura take da hujja mai ƙarfi, kuma bai kamata a raina ta ba. Aikin awa goma da rabi ɗin nan, kwamfuta takan gama shi kafin yaro ya tashi daga kujera. Amma saurin maki ba shi ne babban amfaninta ba. Babban amfanin shi ne manhajar da aka tsara da kyau tana iya faɗin irin kuskuren da yaro ya yi, ba wai ya faɗi kawai ba.

Alal misali, a ba yaro 502 a ce ya ɗebe 178. Amsa ita ce 324. Yaron da ya rubuta 476 ba canka ya yi ba, yana da tasa ƙa'ida da yake bi, watau a kowane gurbi ya ɗebe ƙaramin adadi daga babba, domin bai gane aro ba. Ko kuwa a ce ya tara rabi da sulusi, sai ya tara na sama da na sama, na ƙasa da na ƙasa, ya kawo biyu bisa biyar, bai lura ba cewa abin da ya samu bai ma kai rabin da ya fara da shi ba. Jan biron malam alama iri ɗaya yake yi wa waɗannan yara da wanda bai rubuta kome ba, alhali ciwonsu ba ɗaya ba ne, maganinsu ma ba ɗaya ba ne. Manhaja tana iya ware su, ta ce wa malam ga goma sha takwas da ba su iya aro ba, ga talatin da ba su fahimci ɓangare ba. Bugu da ƙari akwai irin gwajin da ke bin yaro, idan ya ci tambaya a ba shi wadda ta fi ta wuya, idan ya faɗi a sauko da shi, har a iske matakin da yake tsaye a kai da ƙafafunsa.

An gwada wannan a birnin Delhi na ƙasar Indiya a tsakanin 2015 da 2016, da wata manhaja mai suna Mindspark, a kan yaran makarantun gwamnati masu shekarun 'yan ƙaramar sakandare. Masana uku, Muralidharan da Singh da Ganimian, suka buga sakamakon a 2019. Abin da ya fi ba mutane mamaki ba ci gaban yaran ba ne, ko da yake sun ci gaba sosai cikin wata huɗu da rabi. Abin mamakin shi ne abin da gwajin ya tona: ɗan aji shida, a matsakaici, yana bayan manhajar ajinsa da wajen shekara biyu da rabi a lissafi, ɗan aji tara kuwa da wajen shekara huɗu da rabi, kuma a cikin aji guda akan sami yaran da tazarar da ke tsakaninsu ta kai aji biyar ko shida. Malami yana tsaye yana koyar da abin da littafi ya ce, yawancin ajin kuwa suna can baya ba su san inda aka dosa ba. Duk malamin lissafi a ƙasar Gumel da ya ji wannan bayani zai gane ajinsa a ciki. Sai dai a lura, a gwajin na Delhi ba auna yaran kawai aka yi ba. Suna zuwa wata cibiya bayan an tashi makaranta, na'ura ta ba kowa aiki daidai da matakinsa, sa'an nan wani malami ya zauna da su rukuni-rukuni. Aunawa da koyarwa tare suka tafi.

Inda aka raba su kuwa, an ga abin da ya biyo baya. Ƙasar Peru ta raba wa yaran karkara dubban ɗaruruwan ƙananan kwamfutoci a ƙarƙashin shirin nan na kowane yaro da tasa, wanda aka taɓa gwadawa a makarantar firamare ta Galadima a Abuja a 2007. Binciken da Bankin Raya Ƙasashen Nahiyar Amurka ya fitar a 2012 bai sami wani ƙarin maki a lissafi ko karatu ba. Yaran dai sun iya latsa na'ura.

ABIN DA BA TA GANI

Lissafi ba kamar tarihi ko labarin ƙasa ba ne, inda amsa ita ce kome. A lissafi hanya ta fi amsa daraja, shi ya sa tun da can ake ba yaro maki a kan matakan aikinsa ko da ya ɓata a layin ƙarshe. Yawancin gwaje-gwajen kwamfuta masu araha kuwa na zaɓi ne, a ba ka amsoshi huɗu ka taɓa ɗaya. Yaron da bai san kome ba, idan ya yi ta canki-canka a tambayoyi arba'in, ana sa ran ya tashi da wajen goma. Ita kanta hukumar WAEC, da ta fara jarrabawar kwamfuta ga masu zaman kansu a farkon 2024, ba ta yarda ta saki takarda ba: tambayoyin zaɓi ne ake amsawa a kan na'ura, na rubutu kuwa a karanta su a allon kwamfuta a amsa a takarda. Idan hukumar da ta fi shekara saba'in tana wannan aiki ta ga haka ya fi, babu dalilin da zai sa a hana ɗan aji biyu na ƙaramar sakandare fensir da takardar aiki.

Sai kuma maganar harshe, wadda ta fi kowace nauyi a wannan yanki. Yaron Gagarawa da Hausa ya tashi, wani da Fillanci, tambayar lissafi kuwa da Turanci take zuwa. Idan malam ne ke gwaji, yakan ga yaro ya yi zuru, ya fassara masa tambayar, nan take ya gane ko lissafin ne ya gagara ko Turancin. Na'ura ba ta ganin zuru. Sifiri za ta rubuta, a tafi da shi Dutse a matsayin shaidar cewa yaro bai iya lissafi ba. Wani bincike da aka buga a 1985 a kan yara masu talla a birnin Recife na ƙasar Birazil ya nuna cewa yaran suna lissafin kuɗin ciniki da ka daidai, amma da aka rubuta musu irin waɗannan adadi a takarda cikin sigar makaranta, sai da yawa suka kasa. Ba sai an je Birazil ba. Duk wanda ya shiga kasuwar Maigatari ranar Alhamis ya ga yaro ɗan shekara goma sha uku yana lissafin tiyoyin riɗi, ko yana juya kuɗin Nijar zuwa Naira ba tare da ya ɗauki biro ba. Wannan yaro ne fa zai zauna gaban na'ura ranar Litinin a ce ya ci biyar cikin arba'in. Gwamnatin Tarayya ta amince da koyarwa da harshen uwa a firamare a 2022, sa'an nan ta soke a watan Nuwamba na 2025, ta mai da Turanci harshen koyarwa a kowane mataki. Amma gwajin gano ciwo ba jarrabawar satifiket ba ce, kuma babu abin da zai hana a sa wa manhaja muryar da za ta karanta wa yaro tambaya da Hausa idan ya buƙata. Wannan ma na daga cikin abubuwan da na'ura ta fi takarda, in an so.

Akwai kuma sabo. Yaron da mahaifinsa ke da babbar waya a cikin garin Gumel, da yarinyar da ta fito daga ruga ba ta taɓa riƙe irinta ba, idan aka aza musu agogo a gaban allo, abin da za a fara aunawa shi ne yatsunsu. Wannan matsala ce mai wucewa, mako biyu ko uku na gwaji ya isa, muddin dai ba a ɗauki makin ranar farko aka rubuta a rajista ba.

Game da wuta, ba a bukatar dogon bayani. Akwai babbar tashar rarraba wuta ta kamfanin TCN a Gagarawa, amma kasancewar tasha a gari ba ya nufin waya ta shiga ajin makarantar ƙauye, kuma jama'a ba su manta da watan Oktoba na 2024 ba, lokacin da yawancin Arewa ta kwana fiye da mako guda cikin duhu. Duk tsarin da ya dogara ga wutar gwamnati da intanet a kowane lokaci ya faɗi tun kafin a fara. Abin da zai yiwu shi ne kwamfutocin hannu 'yan kaɗan da ake caji da hasken rana, masu aiki ba tare da intanet ba, yara su riƙa shiga rukuni-rukuni. Akwai ma hanyar da ta fi wannan araha, watau yara su yi aikinsu a takarda, malam ya ɗauki hoton takardar amsa da wayarsa, manhaja ta yi maki ta ware kurakurai. Irin wannan ba ta da kwangila mai tsoka, shi ya sa ba a cika jin ta a wuraren bikin ƙaddamarwa ba.

LITTAFIN MALAMIN SIKELI

Haɗarin da ya fi girma ba na wuta ba ne. Shi ne a mai da makin yara sandar dukan malamai. Da zarar alƙaluma sun fara isa hedkwata kowane mako, za a so a jera makarantu daga ta ɗaya zuwa ta ƙarshe, a kira shugaban ta ƙarshe a tuhume shi. Malaman Arewa kuwa ba su manta da abin da ya faru a Kaduna a 2017 ba, inda aka yi wa malaman firamare jarrabawa, aka ce 21,780 sun faɗi, aka sallame su. Ko mutum ya goyi bayan wannan mataki ko bai goya ba, ya bar tsoro a zukata. Malamin da ya san makin ajinsa na iya taɓa albashinsa ba zai bar raunanan yara su zauna gaban na'ura su kaɗai ba. Zai tsaya a bayansu yana nuni da baki, ko kuwa ranar gwaji ta zama ranar da aka ce su tafi tsinkar zoɓo. Alƙaluma za su yi kyau, Kwamishina zai yi jawabi, yaron kuwa har yanzu 476 yake samu.

Haka kuma kada a ɗauka na'ura ba ta kuskure. Hukumar JAMB ta fara jarrabawar kwamfuta a 2013, ta koma kanta gaba ɗaya a 2015, amma duk da wannan gogewa, a watan Mayu na 2025 shugabanta, Farfesa Ishaq Oloyede, ya fito ya nemi gafara a bainar jama'a, domin tangarɗar na'ura ta ɓata sakamakon ɗalibai 379,997 a cibiyoyi 157 a Ikko da jihohin Kudu maso Gabas. An gano kuskuren ne saboda iyaye masu murya sun yi ta ƙorafi har aka sake dubawa. Manomin Sule Tankarkar ba shi da lauya, ba shi da ɗan jarida. Idan na'ura ta ce ɗansa ya faɗi, ya faɗi ke nan, sai fa idan akwai takardar aikin yaron a hannun malam da za a iya komawa gare ta. Daɗin daɗawa, sunayen yara da makinsu da tarihin zuwansu makaranta dukiya ce, kuma Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 ta shafe su. Wajibi ne duk yarjejeniyar da Jiha za ta sa wa hannu ta fayyace wanda ya mallaki waɗannan bayanai ranar da kamfani ya naɗe tabarmarsa.

A ƙarshe dai duk maganar tana komawa ga abin da malam zai yi da takardar sakamako idan ta zo hannunsa. Ba sabon abu ba ne a Arewa a rarraba yara bisa matakin da suke maimakon ajin da suke: shirin KaLMA, wanda aka fara a 2019 a ƙananan hukumomin Wudil da Dawakin Tofa na Jihar Kano, ya yi haka da 'yan manyan azuzuwan firamare, da gwaji mai sauƙi na baki da baki, ba tare da wata na'ura mai tsada ba. Kwalejin Ilmi ta Gumel tana nan kusa, ita ce ke yaye da yawa daga cikin malaman yankin, kuma a can ya kamata ɗalibin malanta ya koyi yadda ake karanta kuskuren yaro tun kafin a ba shi aji. Amma ko an koya masa, akwai abin da ya fi ƙarfinsa. A ce na'ura ta nuna masa ranar Litinin cewa yara arba'in cikin saba'in ba su iya aro ba, tsarin darussan zango kuwa ya ce a wannan mako aljabra za a yi, ga mai duba makarantu yana tafe zai buɗe littafin darasi ya ga ko an kai inda aka ce a kai. Malam ba zai tsaya ba sai an ba shi izini a rubuce, an kuma ware masa sa'o'i a jadawalin mako domin komawa baya. Wannan izini ba ya cikin akwatin kowace kwamfuta, Ma'aikatar Ilmi da Hukumar SUBEB a Dutse ne kaɗai ke da ikon bayar da shi.